Caravan, Conestoga, Hercules ko Mammut: wanne jirgin dakon soja da aka soke za ka ɗauka don aikinka?

Wannan rubutu na wanda aiki ke jiransa ne. Wataƙila ɗalibi ne a kwalejin jiragen sama ta Zariya ko cibiyar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, an ce ya kawo batun da zai gabatar. Wataƙila mai haɗa bidiyon tarihi ne da Hausa, ko matashi mai ƙera ƙananan jirage da kwali da soso. Ya ji labarin jiragen dakon kaya da aka zana lokacin yaƙin duniya na biyu aka kuma soke su tun ba su yi wani aikin kirki ba, yanzu ya rasa wanne zai kama. Guda huɗu zan jera: Curtiss C-76 Caravan, Budd RB-1 Conestoga da Hughes H-4 Hercules, dukkansu na Amurka, sai Junkers Ju 322 Mammut na Jamus.

Tsoro ɗaya ne ya zaɓa musu kayan ƙira. A farkon yaƙin, hukumomin soja a Amurka da Jamus sun lissafa cewa alminiyam ba zai wadaci kowa ba, don haka a bar shi ga jiragen kai hari da masu jefa bam, na dako kuma a nemo musu wani abin ƙira. Uku daga cikin huɗun nan da katako aka yi su, ɗaya da ƙarfen da ba ya tsatsa. A Amurka akwai ƙarin dalili. Jirgin dakon da suka dogara da shi, Douglas C-47, ƙofarsa a gefe take, kuma idan yana tsaye cikinsa a karkace yake saboda ƙaramar tayar da ke ƙarƙashin wutsiya, shigar da mota cikinsa sai an sha fama. Ana son jirgin da za a tuƙa mota kai tsaye a shiga. Sai dai kafin sababbin su gama gwaji, masana'antun alminiyam na Amurka sun bunƙasa, ƙarancin da ake gudu bai zo yadda aka zata ba, aka ci gaba da ƙera C-47 har fiye da 10,000.

Ma'aunai huɗu

Na farko kuɗi, kuma fuska biyu gare shi: abin da jirgin ya ci wa gwamnatin da ta yi odarsa, da abin da zai ci maka kai wajen neman hotuna, zane da bayanai. Na biyu ƙarko: yadda kayan ƙirar suka jure, da kuma ko wani abu ya rage da ido zai gani yau. Na uku sauƙi: shin za ka iya bayyana dalilin faɗuwarsa cikin minti goma, mai sauraro ya gane? Na huɗu haɗari, wato yiwuwar ka kwaso ƙarya ka shimfiɗa wa malami ko masu kallo. A ganina na huɗun nan ya fi sauran muhimmanci, domin jiragen da suka gaza su ne aka fi yi wa ƙarin gishiri.

Curtiss C-76 Caravan

An ba kamfanin Curtiss-Wright aikinsa a 1941: jirgi mai inji biyu, fikafikai a sama, jiki duk na filawud. An ɗora ɗakin matuƙa a bisa, aka yi hancin jirgin yana buɗewa gefe don a shigar da jif ko ƙaramar igwa. An raba aikin katakon ga kamfanonin da sana'arsu itace ce, har da Baldwin mai ƙera fiyano, ana harhaɗawa a Louisville ta jihar Kentucky. A takarda dabarar ta yi kyau, tunda kafintoci na zaune ba aiki, itace kuma ba ya cikin kayan da ake rububi.

A sama labari ya sha bamban. Injinansa irin na C-47 ne, Pratt & Whitney R-1830 masu ƙarfin doki 1,200 kowanne, amma jikin ya fi nauyi, don haka ƙarfi ya gaza. Idan babu kaya a ciki nauyinsa ba ya daidaita, sai an zuba masa wani nauyi na daban kafin ya tashi lafiya. Sassan wutsiya da na fikafikai masu motsi suna kaɗawa. A watan Mayun 1943 ɗaya ya rasa wutsiyarsa ana tsakar gwaji kusa da Louisville, mutum uku da ke ciki suka mutu. A watan Agusta aka soke kwangilar. Guda 25 kacal aka ƙera, masana'antar kuma ta koma yin C-46 Commando na alminiyam.

Ta fuskar kuɗi, asarar ba ta tsaya ga daloli ba, watanni ne na aikin masana'anta suka tafi a lokacin da kowace rana ke da tsada. Kai kuwa ba zai ci maka da yawa ba. Hotunan da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suka ɗauka a bakin aiki ba su da haƙƙin mallaka, kana iya amfani da su a bidiyo ko a takarda, amma ka tabbatar hoton na gwamnati ne ba na kamfanin ba. Ƙarko kuwa babu: ba wanda ya rage a wani gidan tarihi. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina ta kuma saki baki da hunturu, kuma jirgin da za a ajiye a fili yau a wuri mai ruwa gobe a hamada haka zai riƙa yi a kowace mahaɗa.

Haɗarin da ke nan shi ne ka yanke hukunci cewa katako ne ya kashe shi, shi ke nan. Wanda ya san tarihi zai tambaye ka labarin de Havilland Mosquito na Ingila, wanda shi ma katako ne, aka ƙera fiye da 7,000, yana cikin jirage mafi gudu na zamaninsa. Bambancin shi ne de Havilland sun daɗe suna aikin itace, Curtiss kuwa gwanayen ƙarfe ne da aka ce su koma kafinta cikin gaggawa, ga shi an shirya ƙera ɗaruruwa tun gwaji bai kammala ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka kama batun ta wannan gefe, Caravan ya zama darasin tafiyar da aiki fiye da darasin kayan ƙira, kuma yana da sauƙin bayani.

Budd RB-1 Conestoga

Nan zan daɗe, domin shi ne na fi ganin amfaninsa. Kamfanin Budd na Philadelphia taragun jirgin ƙasa yake yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma yana da dabarar waldarsa ta lantarki da ke haɗa siraran fallayen ƙarfe cikin ƙiftawar ido kafin zafi ya ɓata su. Suka ce da wannan dabara za su yi jirgin sama. A 1942 sojan ruwa suka yi odar 200, sojan ƙasa, waɗanda rundunar sama ke ƙarƙashinsu a lokacin, suka yi odar 600 da sunan C-93. Ya fara tashi ranar 31 ga Oktoba, 1943.

Dubi siffarsa: fikafikai a sama, taya a hanci, ɗakin matuƙa a bisa, cikin kaya shimfiɗe daidai kuma kusa da ƙasa, wutsiya a ɗage, ƙarƙashinta ƙofa mai saukowa da mota za ta hau ta shiga. Yana ɗaukar motar soja mai tan ɗaya da rabi, ko sojan laima 24. Duk wanda ya taɓa ganin C-130 na sojan saman Nijeriya ko na Nijar zai gane wannan tsari nan take, kodayake C-130 sai 1954 ya fara tashi.

Abin da ya kayar da shi lissafi ne da ɗalibi zai iya yi a allo. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya kusa ninka alminiyam uku a nauyi idan girmansu ɗaya. Domin jirgin ya tashi, dole fatar jikinsa ta zama siririya ƙwarai, siririn falle kuwa yana saurin lanƙwashewa, sai an ƙara masa abin tokare daga ciki, abin tokaren kuma nauyi ne. Injinan nan dai na C-47 aka sa masa, sai ya zamo mai jan jiki, mai shan mai. Aikin ƙirar ya yi ta jinkiri, kuɗi ya zarce ƙiyasi. A watan Afrilun 1944 na gwaji ya faɗi a sansanin sojan ruwa na Patuxent River, mutum ɗaya ya rasu. Sojan ƙasa suka janye odarsu gaba ɗaya, sojan ruwa suka rage tasu zuwa 25, a ƙarshe 20 aka ƙera, aka miƙa musu 17.

Labarinsa bai ƙare a nan ba, wannan ne ya bambanta shi da sauran. A 1945 gwamnati ta sayar da su a matsayin rarar kayan yaƙi. Robert Prescott da wasu tsofaffin matuƙan da suka yi yaƙi a Sin cikin rundunar sa-kai ta Flying Tigers suka sayi fiye da goma, suka kafa kamfanin dakon kaya da ya zama Flying Tiger Line, wanda FedEx ta haɗiye a ƙarshen shekarun 1980. Ba su daɗe da jiragen ba suka koma C-47, wanda shi ma shaida ce a kan Conestoga. Amma dai ya yi dako an biya shi, abin da sauran ukun ba su taɓa yi ba.

Ƙarko: gangar jikin guda ɗaya tana nan a gidan tarihin jirage na Pima da ke Tucson a jihar Arizona, ba a gyara ta ba, masu ziyara sun ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa. Ga mai ƙera samfuri wannan babbar riba ce, domin zai ga layukan walda da ainihin lanƙwasar jiki. Kuɗin nema matsakaici ne. Hotuna suna samuwa kyauta, zane mai cikakken awo ne ke buƙatar haƙuri. Haɗari ɗaya ne babba: kada ka ce shi ne jirgi na farko a duniya mai ƙofar baya irin wannan. Jamusawa sun riga shi, Arado Ar 232 ya tashi tun 1941, kuma Junkers sun gwada ƙofa mai saukowa a wasu jiragensu. Ka tsaya a kan cewa yana cikin na farko-farko da suka haɗa waɗannan siffofi wuri ɗaya, ba mai kama ka.

Hughes H-4 Hercules

Shi kowa ya sani, kuma wannan ne amfaninsa da matsalarsa. A 1942 jiragen Jamus na ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen ruwan dako a Atlantika, sai Henry Kaiser, mai ƙera jiragen ruwa, ya kawo shawarar a yi ƙaton jirgin sama mai sauka a ruwa ya tsallake su. Ya haɗa kai da Howard Hughes, attajiri mai kamfanin ƙera jiragen sama, gwamnati ta ba su kwangilar dala miliyan 18 don jirage uku, da sharaɗin kada su taɓa alminiyam. Kaiser ya gaji da jinkiri ya fice a 1944, aka rage odar zuwa ɗaya, Hughes ya ci gaba yana ƙara kuɗin aljihunsa. Inji takwas gare shi, R-4360 masu ƙarfin doki 3,000 kowanne, faɗin fikafikai kusan mita 98, an tsara shi don soja 750 ko tankokin yaƙi biyu. Yaƙi ya ƙare bai kammala ba.

A 1947 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Owen Brewster ya kira Hughes ya yi bayanin inda kuɗin jama'a suka shiga. Ranar 2 ga Nuwamba na shekarar, a tashar ruwan Long Beach, Hughes da kansa ya ɗaga jirgin kimanin mita 21 sama da ruwa, ya yi tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi cikin ƙasa da minti ɗaya. Bai sake tashi ba.

A ƙarko ya fi kowa, amma da dalili: Hughes ya ajiye shi a rumfa mai daidaita zafi da danshi, da ma'aikata masu kula da shi, har ya mutu a 1976. Yau yana nan cikakke a gidan tarihi na Evergreen a McMinnville ta jihar Oregon, inda aka kai shi a 1993. Wannan bai nuna katako zai jure zaman sansani ba, ya nuna abin da kuɗin attajiri ke iya yi. Bayanai a kansa kuwa sun yi yawa: hoton bidiyon tashinsa yana nan, zaman majalisar yana nan, har samfurinsa na roba da ake harhaɗawa ana sayarwa a intanet.

Tarkuna uku ne a hanyarsa. Laƙabin da 'yan jarida suka ba shi, Spruce Goose, ya sa ake rubuta cewa da itacen spruce aka yi shi, alhali mafi yawansa birch ne da aka manna falle-falle. Na biyu, har yanzu ana cewa ba jirgin da ya kai shi faɗin fikafikai, wanda ya daina zama gaskiya a 2019 da Stratolaunch mai mita 117 ya tashi. Na uku shi ne mai daɗi ga ɗalibi: jirgin da faɗinsa ya kusa mita 98 yana tafiya mita 21 sama da ruwa bai fita daga tallafin iskar da ke matsewa tsakanin fiffike da ruwa ba. Don haka tashin nan bai tabbatar da zai iya hawa sama da kaya ba, bai kuma tabbatar da ba zai iya ba. Duk wanda ya ce maka ya san amsar, ra'ayinsa yake faɗa.

Junkers Ju 322 Mammut

Wannan ba shi da inji, ja ake yi. A 1940 Jamus tana shirin mamaye Ingila, tana son abin da zai tsallaka da tanka ko babbar igwa. Aka ba kamfanonin Messerschmitt da Junkers aikin. Junkers, waɗanda suka yi suna da jiragen ƙarfe, aka umarce su da katako. Suka fito da abu mai kama da fiffike ɗaya tal, faɗinsa mita 62, da niyyar ɗaukar tan 20. Da aka gwada shigar da tanka, ta fasa benen ta faɗa. Aka ƙarfafa shi, nauyi ya ƙaru, kayan da zai ɗauka suka sauko zuwa tan 11. A watan Afrilun 1941 a Merseburg aka ja shi da jirgin Ju 90, ya ƙi daidaita, ya ɗaga sama da mai jansa har yana neman kifar da shi, dole aka sake shi ya sauka a gona. Wata mai zuwa aka soke aikin, waɗanda aka fara ƙerawa aka faskare su aka yi makamashi. Abokin takararsa Me 321 na Messerschmitt, na bututun ƙarfe da yadi, aka ƙera kusan 200.

Labari ne mai jan hankali, amma ba abin da ya rage, hotunansa kaɗan ne, mafi yawan abin da ke yawo a intanet zanen zamani ne ko hoton samfuri, ingantattun bayanai kuma da Jamusanci suke. Shi ya fi tsadar nema, shi ya fi haɗari.

| Jirgi | Kayan ƙira | Yawan da aka gama | Abin da ya rage | Samun bayanai | Haɗarin kuskure | Faɗi a awon 1:72 |
|---|---|---|---|---|---|---|
| C-76 Caravan | Filawud | 25 | Babu | Matsakaici | Matsakaici | Santimita 46 |
| RB-1 Conestoga | Ƙarfe marar tsatsa | 20 | Gangar jiki a Tucson | Matsakaici | Kaɗan | Santimita 42 |
| H-4 Hercules | Katakon birch | 1 | Cikakke a McMinnville | Mai sauƙi | Babba | Santimita 136 |
| Ju 322 Mammut | Katako | Na gwaji kawai | Babu | Mai wuya | Babba ƙwarai | Santimita 86 |

Wa zai ɗauki wanne

Ɗalibin injiniya da ke son batun da zai kare da lissafi, Conestoga ne nasa. Yana da tambaya guda mai kaifi, wato me ya sa kyakkyawan tsari ya faɗi saboda kayan ƙira, kuma yana iya kwatanta shi da C-47 kai tsaye tunda injinansu ɗaya, abin da ke cire saɓani mai yawa daga kwatancen. Idan malaminka ya fi son ilimin iska a kan ilimin kayan ƙira, ɗauki H-4 amma ka taƙaita kanka ga tashin nan guda da batun tallafin iska kusa da ruwa, ka bar rayuwar Hughes ga masu fim.

Mai karatun gudanarwa, ko jami'in da aka ce ya yi magana a kan sayen kayan soja, Caravan ya fi dacewa da shi: odar da aka faɗaɗa kafin gwaji, aikin da aka rarraba wa waɗanda ba su taɓa yin jirgi ba, da dalilin farko da ya gushe ana tsakar aiki.

Mai bidiyo da ke neman masu kallo, H-4 zai kawo su, ga hotuna masu motsi a shirye, sai dai abin da zai faɗa an riga an faɗe shi da harsuna da yawa, ribarsa kawai shi ne yin sa da Hausa ba tare da kurakuran nan uku ba. Ni da zan haɗa bidiyo, Conestoga zan yi, in fara da C-130 da mutane suka sani in koma baya. Wanda ke son jawo labarin gida yana da hanya ta gaskiya: tun 1940 ana harhaɗa jiragen Ingila a Takoradi ta Gana, a bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Alƙahira, daga baya jiragen dakon Amurka irin su DC-3 da C-47 suka bi wannan layi. Buƙatar dako irin wannan ce ta sa ake neman sababbin jirage. Amma kada zaƙin labari ya sa ka sauke ɗaya daga cikin huɗun nan a filin jirgin Kano, ba su ne suka bi hanyar ba.

Mai ƙera samfuri ya duba sashen ƙarshe na teburin, wato faɗin fikafikai idan an rage girman jirgi sau 72 (1:72), kafin ya sayi kwali. Sabon hannu ya fara da Caravan ko Conestoga, jikinsu kusan akwati ne, ba su kai rabin mita ba, na biyun ma ana iya lulluɓe shi da takardar alminiyam ya yi ƙyallin ƙarfe. H-4 a wannan awo ya wuce mita ɗaya, ga farfela takwas da za a sassaƙa su fito iri ɗaya, gara a sauko da shi zuwa 1:200 inda faɗinsa zai zama kusan santimita 49. Mammut kuwa na wanda ya riga ya ƙware ne, mai iya aiki da hotuna ƙalilan, wanda kuma zai rubuta a jikin allon samfurin cewa wasu sassan ƙiyasi ne.